Ki Ce Musu Su Shuka, Rakiya

Zuwa ga ƙanwata Sajan Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki na rundunar kiyaye zaman lafiya.

Na san labari ya riga ni isowa: an ƙara muku shekara guda a can. Ni ina zaune cikin tasi na ji, a bakin dogon ginin nan na gefen kogi, inda wakilan ƙasashen duniya ke zama. Wani ɗan ƙasarmu da ke aiki a ciki ya fito ya ce an ɗaga hannu, an amince. Wallahi ban san sanda na danna hon ba, har ɗan sanda ya harare ni.

Kin san dai na ƙosa ki zo. Tuni na saya miki jibgegiyar rigar sanyi a Fordham Road, ja, don na san ki da son a gan ki. Matata ta gyara miki ɗaki, ta hana kowa shiga. Duk sanda na je filin jirgin sama na JFK ɗaukar fasinja sai na leƙa ƙofar fitowa, kamar za ki ɓullo.

Amma maganarki ta rannan a waya ta tsaya mini a rai. Kin ce matan ƙauyen da kike rakawa gona sun rufe irinsu a tukunya, ba su shuka ba, ba su ci ba, suna jiran su ji ko za ku tafi. Kin tuna Baba? Ko ranar da ba a ɗora tukunya ba, ba ya bari a taɓa damin iri. Yakan ce, "Wannan na baɗi ne." To matan nan yaya za su zuba nasu a ƙasa, alhali ba su san ko kaka za ta same su a gida ba?

Ke fa, Rakiya, akuya ma in ta biyo ki ihu kike! Yau ke ake jira kafin a fita gona. Na ishi direbobin layinmu da zancenki, har wani ɗan Zangon Kumasi ya laƙaba mini Yayan Sajan. Ina amsawa kuwa, da ƙarfi.

Ina kewarki, auta, sosai ma. Amma ki zauna. Rigar tana nan a rataye, ba inda za ta. Gobe da safe ki je ki ce musu su shuka.

Allah ya tsare ki gaba da baya, ya ba su damina mai albarka, ya nuna miki ranar da za su yi girbi ba ɗan rakiya.

Naki, mai alfahari da ke,
Yaya Sabi'u