Nonon Kwalba ta Huɗu

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi, 'yan matan nawa kuma ba su ishe ki da surutu ba. Ni ina asibiti har yanzu, amma ɗinkin haihuwar ya kama. Ki daina aiko min da saƙon haƙuri, na ƙoshi.

Yau kwana tara da rasuwar jaririyata, amma nonona bai samu labari ba. Kullum da safe sai na tatsi kofi biyu na tuttular a wurin wanke hannu. Ina kallonsa yana zagaya ramin, fari fat, sai in ga kamar yana bin bututu ta ƙarƙashin bango, yana neman ɗakin bakwaini.

A ɗakin akwai wani yaro a kwalba ta huɗu, uwarsa ta rasu wajen haihuwarsa. Cikinsa ya ƙi madarar gwangwani, kumbura kawai yake yi. Na ce a ba shi nawa. Babbar nas ta ce nonon uwa kaɗai doka ta yarda su karɓa, na wata mace kuwa ba su da injin tace shi, ba su da takardarsa, sai kwamiti ya zauna. Shekara ashirin ina koyarwa, Yaya, ban taɓa karanta labarin jaririn da ya sha kwamiti ya ƙoshi ba.

Ƙanwarki,
Barkono

Yayata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. An ɗage zaman kwamitin, nonon kuma ya koma kofi ɗaya. Ina gyangyaɗin rana na yi mafarkin ya ƙafe, ina tatsar iska, yaron yana ta ƙanƙancewa har ya ɓace cikin zanensa.

Na tare uban a baranda, wani makaniki mai jajayen idanu. Ashe shi ma tsoro yake ji. Ya ce kada ɗansa ya sha nonon matar da ba a sani ba, ya girma ya auri 'yar'uwarsa ta shayarwa. Ban yi masa tsiya ba, gaskiya ya faɗa. Na yage bangon littafin da nake karantawa, na rubuta sunana a matsayin uwarsa ta shayarwa, da na 'ya'yana, na ce ga dangin ɗanka, ka adana. Ya sa hannu, likita ta sake gwada jinina, ita ma ta sa nata. Babbar nas ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce ita dai uwa take gani a rubuce.

Ta siririn bututu ake ba shi, ɗigo-ɗigo. Kwana uku ke nan cikin bai kumbura ba. Jiya ya kama ɗan yatsana ya ƙi saki.

Ki gaya wa 'yan matan sun yi ƙane. Yau da safe na wanke hannu, ruwa kawai ya bi ramin.

Ki huta lafiya. Taki har kullum,
Barkono