Katin da Na Bar wa Adda

Lahadi, 15 ga Satumba, 2024

Na sayi littafin nan ne don in samu abin yi wa magana. A aji biyar na tsaya, rubutuna ba kyau, amma ai ba mai gani. Tun da na zo Kazaure ban zauna da kowa mun miƙe ƙafa mun yi hira ba. A kamfanin ruwan leda nake, ina loda jakunkuna a mota. Ɗakina yana bayan sito. Ni da tabarma da buta.

Ta banki ake biyan albashi. Sun buɗe min akawun sun ba ni katin ATM, amma katin ba ya wurina. Yana hannun yayata Adda a ruga, can gaba da Gwiwa. Ita ta raine ni bayan rasuwar Inna. Yanzu kuma mijinta ya rasu, ga 'yarta Shatu ga na goye. In albashi ya shigo sai in bi layi a cikin banki in karɓi na abinci a hannu, in bar mata sauran. Ran Laraba take kai nono kasuwa, sai ta miƙa wa Lauwali mai POS katin ta faɗa masa lambar a hankali.

Ba ta da waya, can ma ba sabis. Ko an miƙa mata ba za ta yi magana a gaban maza ba. Shi ya sa muka yi shiri kafin in taho. In lafiya, ta cira sau ɗaya. In da matsala, sau biyu. Ni kuma alat ya shigo wayata.

Laraba, 18 ga Satumba

Alat ya shigo kafin azahar. Sau ɗaya. Na ajiye jaka na karanta, na sake karantawa. Ban iya turancin ciki ba, amma na san Adda tana tsaye gindin darbejiyar kasuwa ta juya baya tana ƙulle kuɗin a bakin mayafi. Nafi'u, wanda muke loda tare, mai kirana Arɗo don daga ruga na fito, ya ce, "Arɗo, budurwa ce?" Na ce banki ne. Ya kwashe da dariya, wai bai taɓa ganin wanda ake cire wa kuɗi yana murmushi ba.

Asabar, 21 ga Satumba

Yau ban yi magana da kowa ba sai mai ƙosai.

Talata, 24 ga Satumba

Wani mutum ya zo daga banki, da riga mai wuya da turare. Aka tara mu a inuwar sito. Ya ɗaga kati baƙi mai sheƙi, ya ce wannan ba irin namu ba ne. Namu sai da kuɗi a ciki yake aiki. Wannan ko ba ko sisi zai biya maka, banki ne yake ranta maka, ƙarshen wata ya ɗauki abinsa. Wani ya tambayi kuɗin ruwa. Ya ce in ka biya kan lokaci ba ruwanka da ruwa. Aka yi dariya. Ni ma na yi, ban dai gane ba sosai.

Baba Maikasuwa, direban babbar mota, bai ko tashi daga kan tayar da yake zaune ba. Cewa ya yi, "Ni wanda nake da shi ma ya ishe ni ciwon kai."

Nafi'u ya ce shi ba za a ba shi ba, akwai wani tsohon abu tsakaninsa da bankin. Ya ce, "Kai ne sabo, sunanka fes. Kai fa ko katin ma ba ka da shi a aljihu, kamar ba ma'aikaci ba."

Alhamis, 26 ga Satumba

Abin da ke damuna kenan. Da safe duk suna zuwa wurin mai shayi, kowa ya miƙa kati a sa a na'ura, shi kenan. Ni kuɗin hannuna kafin tsakiyar wata sun yi sirara, sai in wuce ta bayan rumfar kamar ina sauri. Sau ɗaya aka ce min bisimilla na ce na ƙoshi. Tun daga nan ba a sake ba.

In na karɓi baƙin, katin Adda yana nan a hannunta, ba abin da zai taɓa shi. Haka dai na gani. Kati biyu ne, kowa da nasa. Da ina da wanda zan tambaya...

Juma'a, 4 ga Oktoba

Baƙin katin ya zo. Na sa hannu a wurare da yawa, mutumin yana nuna min da yatsa. Ban karanta ba, rubutun ƙanana ne kamar tururuwa.

Bayan masallaci Nafi'u ya ja ni wurin mai shayi. Na miƙa katin. Na'urar ta yi ɗan kuka, takarda ta fito. Shi kenan wai. Shayi da burodi da ƙwai, mu huɗu. Aka matsa min a benci. Wani ya ce, "Ashe Arɗo yana magana." Na ba su labarin ranar da bijiminmu ya kori mai allurar shanu har kan bishiya, suka yi ta dariya har da buga cinya. Na daɗe ban ji muryata da ƙarfi haka ba.

Laraba, 9 ga Oktoba

Sau ɗaya. Alhamdu lillahi. Katin Adda yana aiki, nawa yana aiki. To ina matsalar?

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na sayi takalmi rufaffe. Na sayi yadi na kai ɗinki. Na zuba wa Nafi'u mai a babur, ya ce zai mayar. Kullum da safe yanzu akwai wurina a benci, har mai shayi ya san ba na son madara da yawa, ta gwangwani ba ta yi min ɗanɗanon komai.

Abin da ya ba ni mamaki, in ka biya da kuɗin hannu kana jin aljihu yana raguwa. Wannan ba ka jin komai. Yadda yake jiya haka yake yau, ko nauyinsa bai canja ba.

Baba Maikasuwa ya dubi takalmin ya ce, "Ya yi kyau, ɗana. Naka ne ko na banki?" Na ci gaba da loda jakunkuna.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Albashi ya shigo. Kafin in mayar da wayar aljihu wani alat ya biyo shi. Na ɗauka Adda ce, ga shi yau ba Laraba ba. Na kai wa mai lissafin ofis ya duba min. Ya ce banki ne ya ɗauki bashinsa, na sa hannu a kan haka. Na ce ai daga baƙin katin za su ɗauka. Ya ce baƙin kati ba shi da ciki, daga akawun ɗina za su ɗauka. Na ce wannan na Adda ne. Ya ce, "Wace Adda? Sunanka ne a kai."

Abin da ya rage ko kuɗin mota zuwa Gwiwa bai kai ba.

Ashe ba kati biyu ba ne. Ƙwarya ɗaya ce, na ba ta cokali na ba banki ludayi.

Asabar, 2 ga Nuwamba

Na tuna wa Nafi'u kuɗin mai. Ya ce wata ya yi masa tsawo. Na ce so nake in sa wa yayata kafin Laraba. Ya ce, "Ka cira a baƙin mana ka sa mata." Na je wurin mai POS, ya ce an taɓa gaya masa irin wannan in an ciri tsabar kuɗi da shi ruwan yana fara hawa tun ranar. Na tsaya da katin a hannu har na bayana suka fara tsaki. Na fasa. Ban sani ba ko daidai na yi.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Mun yi shirin sau ɗaya, mun yi shirin sau biyu. Ba mu yi shirin shiru ba.

Wunin yau wayar tana hannuna. Na san tana can. Na san Lauwali zai sake gwadawa, ya goge katin a rigarsa ya sake, mutane suna tsaye a bayanta. Adda da ko tari ba ta son yi a cikin mutane.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ban je shayi ba. Ba wanda ya leƙo.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Ranar Asabar ina zaune bayan sito Baba Maikasuwa ya zo ɗaukar jarka ya same ni. Bai tambaye ni komai ba, ni ne na fara, kuma da na fara ban iya tsayawa ba. Ya ce gobe yana da kaya zuwa Gwiwa, in shirya.

Jiya Lahadi ya sauke ni a bakin hanya na ƙarasa da ƙafa. An gama yankan gero, gonaki sun yi fili, tun daga nesa na hango bukkarmu. Na cire takalmin na sa a leda kafin in isa.

Shatu ce ta fara ganina. Adda ta fito, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ka rame." Ta dama min fura. Sai da na sha ta ce ta ɗauka korata aka yi daga aiki, kunya ta hana ni dawowa. Ta roƙi Lauwali kar ya gaya wa kowa. Na tambayi da me suka yi cefane. Ta ce Allah ya rufa asiri. Shatu ce ta ce an sayar da zabin nan biyu. Adda ta harare ta.

Na yi mata bayanin baƙin katin iya yadda na gane. Ta saurara, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Sai ta kwance bakin mayafinta ta ciro katin ta ajiye a gabana kan tabarma. Ta ce, "Riƙe abinka, Sabiru. Kai ne a cikin mutane, kai ke da buƙata. Mu nan ba mai ganinmu."

Na ce in ta bar zuwa wurin Lauwali ta yaya zan san suna lafiya? Ta ce, "In ba lafiya ai za ka ji."

Da zan tafi ta shiga ɗauro min man shanu. Na ɗaga faifan da ta rufe ƙwaryar nono na kasuwa, na sa katin a tsakanin faifai biyu na mayar. Ba ta gani ba. Ko ta gani, ban sani ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Shiru. To me za ta cira, ba komai a ciki. Duk da haka na duba.

Talata, 19 ga Nuwamba

Na je banki na ce su karɓi abinsu. Matar ta ce da sauran abin da na saya a ƙarshen wancan watan, sai an cire shi a albashin nan kafin a rufe. Ta ce katin ba laifinsa ba ne, mutane da yawa suna jin daɗinsa, sai dai ka san lissafinka. Gaskiyarta ne watakila. Ni dai na fi gane wanda in ya ƙare yake cewa ya ƙare.

Baba Maikasuwa ya ce in ba shi ya ajiye min kar hannuna ya yi ƙaiƙayi. Ya jefa shi cikin akwatin mota, tare da sifana da tsohon goro. Tun ran Lahadin nan matarsa, Inna Tasalla, take ƙaro tuwo a kwanonsa. Yana cewa, "Zo ka taya ni, tsohuwar nan so take ta kashe ni da abinci."

Asabar, 30 ga Nuwamba

Albashi. Banki ya ɗauki ragowarsa, an rufe. Na ciri kaɗan na bar sauran. Yanzu ya rage nata. In ta ga katin. In ta yarda.

Nafi'u ya ce an daina ganina. Na ce ina nan.

Laraba, 4 ga Disamba

Mun kai kaya Roni da Baba. A hanya taya ta yi faci, muka zauna gindin tsamiya muna jiran mai gyara, yana ba ni labarin zamanin da yake yaron mota, wai har Agadas ya je a kan buhunan goro. Ban yarda da rabin labarin ba. Na gaya masa haka, ya ce in na ƙara zai bar ni a nan. Muka ci rogo da ƙuli. Ya ce ran Juma'a in zo gida Inna Tasalla tana son ganin wanda yake cinye mata tuwo.

Sai da muka dawo na yi alwalar la'asar na ciro wayar. Ashe ya shigo tun hantsi. Sau ɗaya.

Na zauna a bakin famfo na daɗe ina kallonsa. Ta gani kenan. Ta je.

Ban ji shigowarsa ba, abin da ya ba ni mamaki kenan. Wayar tana aljihuna duk wunin. Ƙarar mota ce, ina jin. Ko surutun Baba.

Man shanun da Adda ta ba ni da saura. Zan kai wa Inna Tasalla ran Juma'a.