Kada Ku Girgiza Ni

Da sunan Allah Mai rahama. Babba, ɗan farina, yana tsaye a kaina yanzu haka, yana faɗa mini cewa ba a rubuta wasiyya a gadon asibiti, wai mugun fata ne. Na bar shi yana yi. Ni mahaifiyarku nake rubuta wannan da hannuna, cikin cikakken hankalina. Likitan ƙwaƙwalwar da kuka kai ni wurinsa ma ya shaida haka, ko da yake ba amsar da kuka je nema ba ke nan. An jima za a shiga da ni aikin zuciya. An gaya mini ana fitowa, ana kuma zarcewa.

1. Gida naku ne ku uku, Babba, Lauya da Auta. A raba yadda shari'a ta tsara, ba ni da ta cewa. Littattafaina a mayar da su sashen da na koyar a jami'a, ko ɓeraye su ƙaru. Tsohuwar kujerar ɗakin sama ku bar wa Auta in kun yarda. Ita kaɗai ce ta taɓa shigowa ta same ni a kanta ido rufe, ta koma da sanɗa.

2. Maganar rufe idon nan, ga yadda ta faro, tunda babu wanda ya tambaya. Lokacin da aka yi mini aikin ido, likita ya ce in kwanta rub da ciki na makonni, fuskata cikin ramin matashi, ba juyi. Na haddace kowace tsaga ta simintin ƙarƙashin gadon. Da na ƙoshi da siminti sai na rufe ido, na tarar ashe duhun ba baƙi ba ne. Akwai wani ɗan tabo shuɗi-shuɗi da ke yawo a ciki. In ka bi shi da ido, ya gudu. In ka saki idon kamar mai hangen ƙarshen titi, sai ya tsaya, ya taru, ya buɗe. Numfashi ya lafa. Jiki ya rasa iyakarsa, ciwon gwiwa ya fita waje ya jira ka.

Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da ilimin haske, na san jijiyar ido ce ke hira da kanta. Ba aljani ba ne, ba kuma walittaka ba. Sallata daban, wannan daban.

3. Tun da na faɗi a banɗaki kuka kwaso ni zuwa ɗakin sama na gidan Babba. Ɗaki mai kyau. Tagarsa mai ƙarfe tana kallon bangon maƙwabci, matakalarsa ta fi ƙarfin ƙafata, makullin motata kuma yana aljihun da ba nawa ba. Duk don lafiyata, na sani, kun faɗa har na iya. Duhun da ke bayan fatar idona shi ne kaɗai wurin da ya rage mini in je ba tare da wani ya riƙe mini hannu ba. Can ɗin ma kun biyo ni. Matar Babba da kofin ruwa tana yayyafa mini, Lauya da yatsa a ƙarƙashin hancina, Babba yana girgiza kafaɗata kamar mai kaɗo mangwaro. Kullum ina dab da isa sai a fizgo ni, in buɗe ido in ga fuskokin masu ƙaunata da bangon maƙwabci.

4. Babba da Lauya, ku daina gaba. Kai ka ce rufe idon nan ciwon mantuwa ne, ke kin ce wasu ne suka hure mini kunne a waya. A kan wannan kuka daina gaisawa. Ku shirya. Ba a kullum ake samun rigimar da kowa bai da gaskiya ba, sulhunta bai kamata ya yi wuya ba.

5. Babu mai bi na bashi. Ni ce ke bin ku, kuma ba kuɗi ba ne. In na fito daga ɗakin tiyata da rai, ku bar ni in zauna ido rufe. In kuwa an kira ku aka ce lokaci ya yi, kuka same ni ido rufe, kada ku girgiza ni. Kada ku buɗe mini ido da yatsa, kada ku kira sunana da ƙarfi. Ɗayanku ya sunkuyo ya laƙƙana mini kalmar shahada a hankali, ina ji. Sauran ku zauna a kan hannuwanku. Ina so ko sau ɗaya in ga abin nan ya gama buɗewa.

Allah Ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku. Na yafe muku, ku yafe mini. Ku riƙe zumunci, ku riƙa cin abinci a faranti ɗaya ko ba na nan, kada ku bar Auta tana kai saƙo tsakanin yayyenta. Allah Ya ba ku masu kula da ku, Ya kuma ba su haƙurin ƙyale ku.

Ga ma'aikaciyar jinya ta turo keke. Babba zai so ya bi mu, an ce iyakarsa bakin ƙofa. Auta, karɓi takardar, ki ja ƙofar in mun wuce.