Kantar da Babanku Ya Sauke

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki da yara. Ni lafiyata ƙalau, ban da kafaɗar nan da ɓacin ran da kika jawo mini.

Mai fentin da kika turo ya gama. Na dawo daga gidan gwaggonki na tarar ya mayar da komai sama. Kantar kofuna, igiyar shanya, madubi, har ƙusar da nake rataye mayafi. Na tambaye shi wa ya sa shi, wai Hajiya ai haka ake yi a kowane gida. To nan kowane gida ne?

Kin san tun da sanyin ƙashi ya ci mini kafaɗa hannuna ba ya wuce ƙirji. Babanku, Allah ya ji ƙansa, shi ya bi ɗaki ɗaki da gudumarsa yana sauke mini kaya, yana tsokanata wai ya auri doguwa ta koma gajera. Yau da safe na tsaya ina kallon kofina kamar baƙuwa. Da murfin kwano na sha shayi.

Ki faɗa wa likitanki ba zan zo ba. Ba wanda zai yanka ni ya sa mini ƙarfe. Wanda ya san ciwona ya tafi, kun bi kun share aikin hannunsa.

Mahaifiyarki.

*

Umma,

Ina durƙusawa ina gaishe ki. Ki yafe mini, wallahi fenti kawai na ce ya yi, don ki dawo daga asibiti ki sami ɗaki mai haske.

Na kira shi na yi masa faɗa. Ya ce bai huda bango ko sau ɗaya ba, ramukan sama ya tarar a buɗe, ya mayar da ƙusoshi cikinsu. Umma, kin taɓa ganin Baba ya bar rami bai toshe ba? Mutumin da ke kiran yaransa na shagon kafinta su dawo saboda ƙusa ɗaya ta karkace?

Baba ne ya nemo likitan nan, ba ni ba. Baba ya ce mini yana ta sauke kantar kofuna har ta kusa taɓa ƙasa, ke kuma ba kya iya tsefe kanki. Ya ce kafaɗar ta goge kamar tsohon hinjin ƙofa, a canja ta kawai.

Don Allah kada ki bari ranar aikin ta wuce.

'Yarki.

*

Auta,

Na amsa gaisuwarki, amma ban huce ba. Hinjin ƙofa kuma? Har a bayan idona sai da ya zolaye ni.

Na sa gwaggonki ta leƙa bayan kabad, inda fenti bai kai ba. Akwai rami ɗaya can sama, babanku ya zagaye shi da fensir. Ashe jira yake hannuna ya sake kaiwa can.

Ki zo ki kai ni. Kada mai fentin nan ya sake tako mini gida, kada kuma kowa ya sauko mini da kofin. Ni zan ɗauko abina.

Allah ya yi miki albarka.

Ummanki.