Gyaɗar da Ta Ƙi Tsira

Matameye, 24 ga Yuni, 1985

Zuwa ga Yayana Ummaru, a Kumasi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Yaya Aminatu da yara. Allah ya sa albarka a shagonka, ya yaye maka ciwon ƙafar da ka ambata. Mu nan da sauƙi, alhamdu lillahi. Inna tana nan, sai dai ta rame, don ta ƙi jinin jar dawar taimakon da sojoji ke rabawa, wai tuwonta ba ya kwana. Ita dai ake ci, babu wata. Rijiyar unguwarmu sai da aka ƙara mata igiya. Iyaka har yanzu a rufe take, mai son zuwa Daura sai ya bi daji da jaki yana kauce wa jandarma. Ruwa ya sauka sau biyu, an yi shuka, yanzu kowa sama yake kallo.

Amsarka ta iso shekaranjiya, wata guda da kwana tara bayan na aika maka tawa. Na ga inda ka ce in bi maganar Alhaji Mailafiya tunda ya girme ni a harkar, in sayar da gyaɗar a matsayin iri, sannan in rufe rumfa in taho Kumasi in tsare maka shago. Yaya, amsar ta tarar an riga an gama. Bari in faɗa maka yadda aka yi, ka yi mini faɗan gaba ɗaya.

Ka sani, tun da aka rufe wurin awon gyaɗar da nake aiki na buɗe rumfar sayar da iri, ban taɓa yanke wani abu ba sai na ji ta bakinka. Matata Indo har tsiya take mini, wai ko takalmi zan saya sai na rubuta Kumasi. To, buhunan da na saro wurin Alhaji, a ido ba su da laifi: gyaɗa ja, cikakkiya, babu ƙwaro. Amma sai na yi abin da Baba yake yi kafin shuka, na ɗebi ƙwaya ashirin na binne a kasko cikin jiƙaƙƙen rairayi. Indo tana ta mita, ruwan da ta sha wuyar jawowa ina ba ƙasa. Bayan kwana bakwai, huɗu suka tsira. Na ce ƙila rairayin ne, na ɗebo na gonar Inna, biyar suka fito. Karo na uku, uku. Ashe ɓararriya ce da ta shekara a ɗakin kwano, zafi ya kashe ta.

Da na kai wa Alhaji maganar, dariya ya yi. Ya ce tun ba a yaye ni ba yake sayar da iri, kuma tsiro na Allah ne, ba na kasko ba. Ya ce in bar bokon banza in ci kasuwata. Na dawo ina tambayar kaina, ni wane ne da zan ce Alhaji bai san gyaɗa ba? Lokacin ne na rubuta maka. Kullum sai na leƙa gidan waya, har mai raba takardu yana hango ni yake girgiza kai. Sai ruwa ya sauka, bai jira Kumasi ba.

Ran kasuwa manoma suka cika mini rumfa. Mutanen da fari ya cinye musu iri bara, kowa da 'yar jakarsa, kowa shuka ɗaya yake da ƙarfin yi. Na duba dama da hagu, babu kai, babu Baba, daga ni sai kaskona. Na ce musu wannan gyaɗa ba iri ba ce, ba zan auna wa kowa ba. Daga baya na karyar da ita ga mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, na tafka asarar da ban so in rubuta. Wanda ya fi ba ni kunya shi ne Baba Shekara na Dungu, abokin Babanmu, wanda ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe don ya sayi iri. Ya ce bokon lakwal ya ɓata ni, ya taune ƙwaya a gabana ya ce lafiyarta lau. Ya wuce wurin Alhaji ya sayi irin wadda na ƙi sayar masa.

Kada ka ɗauka na ji daɗi ko na ji kaina wani gwani. Gajiya kawai na ji, kuma har yau ita nake ji. Rumfa ta koma 'yan kwanukan wake da irin kuɓewa. A kasuwa suna kirana Mai Kasko, in na wuce a yi shiru, in na ba da baya a kwashe da dariya. Akwai ranar da na zauna tun hantsi har la'asar ban auna tiya ɗaya ba, na ce da ma amsarka ta zo da wuri in huta da ɗaukar laifin a kaina.

Jiya ina shirin tashi sai ga Baba Shekara, ya tako tun daga Dungu. Ya zauna. Can ya ce gonarsa ta fito ɗaya nan ɗaya can, kamar haƙoran tsoho. Bai zagi Alhaji ba, ni ma bai ba ni haƙuri ba, ban kuma so ya bayar ba. Sai ya kwance bakin rigarsa ya zubo mini ɗan gero a tafin hannu. Wani ɗan'uwansa na Ɗan Barto ne ya ba shi tiya biyu ya maye gurbin gyaɗar, in wannan ya ƙi, shi ke nan daminarsa. Ya ce: "Gwada mini, Cha'ibu. Abin da ka ce, shi zan yi."

Yaya, tsoro ya kama ni. Dattijo mai furfura ya ɗora cin iyalinsa a kan maganata, ni da ban yarda da ita ba sai wani ya sa mata hannu. A nan na san nauyin da nake ɗora maka shekara da shekaru, ka yafe mini. Na binne geron a gabansa, na ce ya dawo ranar Alhamis. Ko ya tsira ko bai tsira ba, ni zan faɗa masa, kuma ba zan tambayi kowa ba.

Saboda haka ba zan zo Kumasi ba. Ban raina alherinka ba, Allah ya sani, kuma ban ce rumfar za ta kai baɗi ba. Amma in na tafi, ranar Alhamis tsohon nan zai tarar da ita a rufe.

Inna tana sa maka albarka, ta ce ka aiko mata da goro in ka sami mai zuwa. Indo tana gaida Yaya Aminatu. Ka gaida Ɗanladi da Fadimata da A'i, da Malam Kadiri maƙwabcinka. Ka sa mu a addu'a Allah ya ba mu ruwa mai albarka.

Ni ne ƙanenka,
Cha'ibu