Kakar da Ba a Zana Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina sanar da ke cewa unguwarmu New Bell tana nan yadda kika bar ta, ruwan sama na shiga zaure, kuma har yau ba a gano wace ce Kaka ba.

Kin tuna littattafan Zuli na Faransanci, da nake karantawa ina fassara miki kina tsince shinkafa? Ƙarshen kowanne sai Zuli ta ce za ta wurin Kaka, ta zaga bayan mangwaro, shi ke nan. Ba a taɓa zana Kakar ba, marubucin kuma bai taɓa cewa uffan ba.

To, mu da muka girma da su mun buɗe zauren hira a waya. Manyan mutane fa, Inna, masu digiri. Wani lauya na unguwar Bonapriso ya rantse kuskuren bugu ne, kalmar "caca" ake nufi, mai furuci ɗaya da kaka, wato kashi da Faransanci, yarinya bayan gida take zagawa. Hujjarsa ita ce tana sauri kuma ba ta gayyatar kowa. 'Yan unguwarmu suka ce ya zagi kakannin Hausawa kaf. Wani mai shago a kasuwar Marché Central ya ce Kakar akuya ce, aka yi masa ca, ya fita cikin fushi, ya dawo ya ga ko an yi kewarsa. Ni ma na rubuta dogon sharhi irin na jami'a. Ba wanda ya karanta.

Ke kuwa tuntuni kin yanke hukunci. Kika ce, "Tana nan mana. Mai zanen ne ya zo ba ta ɗaura ɗankwali ba, ta kore shi." Haka kika yi wa duk mai hoton da ya shigo gidanmu, har na bikina.

Jiya 'yata Ummi mai sunanki, wadda ba ta riske ki ba, ta dawo daga lekol, wato makaranta, tana kuka. Madam, malamarsu, ta ce kowa ya kawo hoton kakarsa. Ummi ta ce tata Kaka ba ta da hoto, aji ya fashe da dariyar kalmar. Ta ce ita da faɗin Kaka har abada, mamie za ta riƙa cewa irin na Faransawa.

Na ajiye digirina gefe. Sai na ɗauko Zuli, na buɗe shafin mangwaro, na ba ta bayaninki. Ta daɗe tana kallo.

Yau ta tafi da zanenta: bishiya, da bakin ɗankwali yana leƙowa ta baya. A ƙasa ta rubuta Kaka, da K ƙato. Na so in aika wa lauyan, sai na tuna ba kya son a nuna ki.

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya haskaka makwancinki, Ya haɗa ki da takwararki Kakar Zuli a inda ba a buƙatar hoto. Amin.

'Yarki mai yawan karatu,
Rabi