Sunan Baba a Bangon Makaranta

Auta,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Baba ya fara sabawa da ɗakin bayan gidana, duk da kullum zancensa ɗaya ne, unguwarmu da ruwa ya cinye. Ni kuwa ka san ba na son abu a warwatse. Jiya na ɗauko katin zaɓensa daga cikin gidan tabaraunsa, na ja shi ofishin rajista, muka sha layi tun safe har azahar, aka mayar da sunansa rumfar zaɓen da ke kusa da ni. Ya yi ta cewa in bari. Na ce, "Baba, da wannan gwiwar za ka hau mota biyu don dangwala yatsa?" Sai ya biyo ni. Ka gaida matarka, ka ce mata har yanzu ina jiran kwanona.

Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba. Kwamitin da ke raba filaye ga waɗanda ambaliya ta kora ya liƙa sunaye a bangon makaranta. Tunda takardun gidajen kowa sun tafi da ruwa, da rajistar zaɓen tsohuwar rumfarmu suka yi aiki. Wanda sunansa ke ciki, ɗan unguwa ne. Na bi takardar da yatsa har sau uku. Wanzami yana ciki, mai gyaran keke da ya zo bara ma yana ciki. Baba, mai shekara arba'in a layin nan, babu shi. Sakataren ya ce a wurinsu ya riga ya tashi. Ranar Alhamis za a rufe rabon. Don Allah ki koma ofishin nan. Ba laifinki nake gani ba, amma ki koma.

Naki, Auta

Auta,

Na koma. Matar da ke taga ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce an rufe gyara sai bayan zaɓe. Na roƙa har na yi kuka a gaban mutane, ni da ban yi a gaban ruwa ba. Ashe Baba ya ji ƙishin-ƙishin maganar kwamitin tun tuni, kunya ce ta hana shi ci gaba da musa min a gidana. Na kasa haɗa ido da shi. Ka yi min addu'a.

Yayarka

Auta,

Na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ka sallami maginin da ya yi wa magana kan gina masa gida a filin. Tun ranar, ko ruwa zai ɗiba a randa sai ya nemi izinina.

Ka huta lafiya.

Yayarka